Kafin Ka Ƙara wa Tsohuwar Na'urar Awo Memori, Kwafe Abin da Ke Cikinta

 Hirar tamu ta yau da masu gyara ce: masu gyaran rediyo da talabijin, masu gyaran waya, injiniyoyin da ke kula da injinan watsa shirye-shirye, da malaman da ke riƙe da makullan ɗakunan gwaji a kwalejojin fasaha da jami'o'i. Wanda ba sana'arsa ba ce ma kada ya murɗa akwatin rediyonsa, domin memorin da za mu yi magana a kai, shi ne dai ke cikin wayar da ke aljihunsa.

Duk mai gyaran kayan lantarki yana da na'urorin awo. Ƙaramar cikinsu ita ce mita, wadda ke nuna ƙarfin wuta. Akwai osiloskop, mai zana siffar lantarki a kan gilashi ka gan ta da idonka tana hawa tana sauka. Akwai na'urar tantance zangon iska, wadda injiniyan gidan rediyo ke dubawa ya tabbatar tasharsa ba ta shiga gonar maƙwabciyarta ba. Manyan irin waɗannan, sababbi fil, kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin masu shago, wasu ma sun kai kuɗin mota. Shi ya sa abin da ke hannun mutanenmu yawanci gwanjo ne daga Amurka da Turai, ko kuma waɗanda aka sayo wa makarantu tun shekarun 1980 da 1990: Tektronix, Hewlett-Packard, Fluke, Rohde & Schwarz da makamantansu. Idan ka ga sunan Agilent ko Keysight kada ka ruɗe, gida ɗaya ne. Sashen na'urorin awo na Hewlett-Packard ne ya ware a 1999 ya zama Agilent, sannan a 2014 ya sake warewa da sunan Keysight.

Tsufa kuma bai sa sun zama tarkace ba. Akwai wata mita ta Hewlett-Packard mai lamba 3458A da ta fito a ƙarshen shekarun 1980, har gobe ana ƙera ta ana sayarwa, kuma da ita manyan ɗakunan awo na duniya ke gwada sauran mitoci. To amma akwai wani ɗan wuri a cikin irin waɗannan na'urori da shekaru ke ci a ɓoye, ko ana aiki da su ko an jingine su a sito. Wurin shi ne memori.

Abu uku na'urar awo ke ajiyewa a memorinta, kuma wanda bai raba su ba shi ne ke yin ɓarna. Na farko manhajar da ke tafiyar da na'urar kanta, wadda ke gaya mata abin da za ta yi idan ka danna maɓalli. Na biyu abin da kai mai aiki ka ajiye, kamar hoton awo ko tsarin da ka saba aiki da shi. Na uku, wanda shi ne zuciyar hirarmu, lambobin saiti. Ba a taɓa ƙera na'urori biyu su fito daidai kwabo da kwabo ba. Saboda haka a masana'anta sai an gwada kowace ɗaya da ma'auni tabbatacce, a ga inda ta ɗara da inda ta gaza, a rubuta mata lambobin da za ta riƙa gyara awonta da su. A wuri ɗaya da su akan ajiye lambar na'urar da lasisin ƙarin ayyukan da mai ita ya biya kuɗinsu.

Manhaja idan ta ɓace ana iya samo ta, domin iri ɗaya ce a duk na'urori masu samfuri ɗaya. Lambobin saiti kuwa na na'urarka ce ita kaɗai. Ka kwafo na wata ka zuba mata, za ta tashi, za ta nuna lambobi a gilashi har da ƙwarin gwiwa, amma ƙarya take yi maka. Sake yin saitin kuma yana buƙatar kayan aikin da suka fi ita kanta tsada, a wani ɗakin awo da watakila sai an tsallake ƙasa kafin a kai gare shi.

Yanzu bari mu leƙa ciki mu ga inda ake ajiye waɗannan abubuwa. Idan ka buɗe na'urar shekarun 1980, za ka ga wasu aisi (IC) masu 'yar taga a gadon bayansu, an liƙe tagar da takarda. Sunansu EPROM. Wani injiniya na kamfanin Intel, Dov Frohman, shi ya ƙirƙiro su a 1971. Da lantarki ake rubuta musu, amma goge su sai an haska wani haske na musamman, irin wanda ke cikin hasken rana amma ido ba ya gani, ta wannan tagar. Don haka takardar ba ado ba ce, kada ka ɓare ta don son ganin ciki. Daga baya wani injiniyan Toshiba a Japan, Fujio Masuoka, ya fito da filash, wanda ake rubutawa a goge da lantarki ba tare da an cire shi daga mazauninsa ba. Ya gabatar da nau'in farko, NOR, a 1984, sai na biyu, NAND, a 1987. Intel ya fara sayar da NOR a 1988. Tsofaffin na'urorin awo yawanci EPROM ko NOR ke ɗauke da manhajarsu, NAND kuma shi ne ke cikin katin memori da filashin da muke soka wa kwamfuta.

Da EPROM da filash, dabara ɗaya suke aiki da ita. Kowane yana da miliyoyi ko dubban ƙananan ɗakuna da ake kulle ɗan lantarki a ciki, kuma kasancewar lantarkin ko rashinsa shi ne rubutun. Kamar ruwa ne a randar ƙasa: ko ba a ɗiba ba yana naso yana raguwa, kuma zafi na ƙara masa sauri. Masu ƙera su kan ba da tabbacin shekara 10 zuwa 20, da yawa kuma sun ninka haka suna aiki. Sai dai na'urar da ta shekara 30, rabin shekarun a ɗakin kwano babu fanka, zafin watan Afrilu na dukanta kowace shekara, ai ba a yi mata alƙawarin gobe. Alamar farko kan zo a hankali. Yau ta tashi, gobe ta tsaya a tsakiyar tashi, jibi ta rubuto cewa lissafin memorinta bai daidaita ba.

Akwai kuma nau'in memori na uku, wanda ya fi kowanne cin amana. Wani baƙin aisi ne mai kauri kamar ɗan bulo, a jikinsa an rubuta Dallas, da lamba irin DS1225 ko DS1230. Wannan ba filash ba ne. Memori ne mai mantuwa da zarar wuta ta ɗauke, sai aka binne masa ɗan batir a cikin jikinsa ya riƙa raya shi. Kamfanin ya ba shi tabbacin shekara 10. Osiloskop ɗin Tektronix 2465B yana ajiye lambobin saitinsa a irin wannan, haka ma mitar 3458A da muka ambata. Ranar da batirin ya mutu, ranar lambobin suka tafi, babu sallama. Kana iya sanin shekarunsa daga lambobi huɗu da ke jikinsa: biyun farko shekara, biyun ƙarshe mako. Idan ka ga 9432, an yi shi a mako na 32 na shekarar 1994. Sai ka yi lissafi da kanka ka ga bashin shekara nawa yake ci.

(KIƊA NA ƊAN LOKACI)

Jama'a masu sauraro, idan yanzu kuka buɗe akwatinku, muna magana ne a kan sauya wa tsofaffin na'urorin awo memori ko ƙara musu shi.

Me ke sa mutum ya taɓa memorin tun farko? Ko dai tsohon ya fara gazawa, ko kuma ana son sabuwar manhaja da ta fi ƙarfin wurin da ake da shi. Misali, na'urorin tantance zango na Agilent da ake kira ESA, na farkonsu sun fito da ƙaramin memori. Da manhajar ta girma sai kamfanin ya fitar da ƙari mai suna Option B72, kuma sababbin manhajoji ba sa hawa sai da shi. Wannan dalili ne mai kyau. Amma "na ga ana yi" ba dalili ba ne. Idan na'urarka tana awo daidai kuma sabuwar manhajar ba ta da wani abin da kake buƙata, shawarata ka kwafe abin da ke ciki, ka mayar da murfi, ka ci gaba da aikinka.

Kwafewar ita ce aikin farko, kuma a yi ta tun kafin a ɗauki sukudireba. Yawancin waɗannan na'urori suna da wata faffaɗar kafa a baya mai suna GPIB, wadda Hewlett-Packard ya ƙirƙiro kuma ta zama ƙa'idar kowa a 1975. Wasu suna da kafar siriyal ko fulofi. A samfura da dama ana iya janyo lambobin saiti ta nan zuwa kwamfuta, na'ura tana kunne, ba a taɓa komai ba. Wasu kuma suna nuna lambobin a gilashi idan ka shiga sashen gwajin kai, sai ka ɗauke su a hoto da wayarka shafi-shafi. Littafin gyara na na'urar shi zai gaya maka hanyar, kuma Keysight da Tektronix sun saka da yawa daga cikin tsofaffin littattafansu a intanet kyauta. Malam mai gyara, karanta littafin nan ba ragin daraja ba ne.

Idan babu hanya sai an ciro aisi ɗin, to ana buƙatar na'urar karantawa da rubutawa, irin su TL866, wadda masu gyaran talabijin da kwamfuta da yawa sun riga sun san ta. Ga inda ake kuskure. Dallas ɗin nan ba ya son zafi. Ka cire shi da sauri, da ƙarfen dalma mai kyau, sannan ka ajiye shi ya huce sarai kafin ka karanta. Ka karanta sau biyu ko uku, ka gwada kwafin da juna. Idan ba su zo ɗaya ba, ƙafa ɗaya ba ta zauna daidai ba ko kuma aisi ɗin ya fara rauni, kada ka ci gaba. Ka lura da maɓallin da kake dannawa, domin na karantawa da na gogewa maƙwabtan juna ne a manhajar. Kwafin kuma ka ajiye shi wuri fiye da ɗaya, da sunan na'urar da lambarta. Tsohon aisi ɗin ma kada ka jefar har sai sabon ya yi aiki an gamsu. Kuma tunda ka riga ka sha wahalar cirewa, dasa soket a wurin, don wanda zai zo bayanka ya zare da hannu kawai.

Wasu na'urorin, kamar mitar Hewlett-Packard 3478A, batirin nasu a waje yake a kan allo, ana ganinsa. Kada ganinsa ya ruɗe ka ka yanke shi kai tsaye. Daƙiƙa ɗaya babu wuta ta isa ta share komai. Sai an jona wani batir na wucin gadi yana riƙe da memorin kafin a cire tsohon.

To sai zaɓen sabon. A nan ne tunanin kasuwar waya ke yaudarar mutum, inda aka saba cewa mai giga 128 ya fi mai 64. Tsohuwar na'ura ba ta san wannan lissafi ba. Ƙwaƙwalwarta tana kaiwa ga memori ne ta wasu layuka da ake kira layukan adireshi, kowane layi ɗaya da aka ƙara yana ninka wurin da za ta iya gani sau biyu. Idan ba a ja layin a kan allo ba tun a masana'anta, ko ka dasa mata aisi mai girman duniya, iya abin da ta saba gani za ta gani. Ƙafafun da suka yi saura kuma ba a barinsu a sake suna lilo, sai an ɗaure su yadda takardar bayanin aisi ɗin ta ce.

Bayan girma akwai ƙarfin wuta. Filash na farko-farko, irin Intel 28F010, yana son bolt 12 kafin a rubuta masa. Na bayansa, irin AMD 29F040, bolt 5 ya ishe shi. Na yanzu yawanci bolt 3.3 ne ko ƙasa da haka, ka ba shi 5 ya ƙone. Sannan akwai yare. Umarnin da ake ba filash ɗin Intel ya goge kansa daban yake da na AMD, kuma kowane aisi yana da lambar shaida da na'ura ke tambaya kafin ta rubuta masa. Idan lambar ba ta cikin waɗanda manhajar ta sani, sai ta ƙi, ko da ƙafafu da girma da komai sun dace. Saboda haka abin nema shi ne aisi mai lamba ɗaya da tsohon, ko wanda littafin ya amince da shi. A madadin Dallas wasu kan sa wani nau'i mai suna FRAM, irin FM16W08, wanda ba ya buƙatar batir ko kaɗan. Dabara ce mai kyau, amma yadda yake karɓar adireshi ya ɗan bambanta, don haka yana aiki a wata na'ura ya ƙi a wata. A bincika tukuna.

Tunda yawancin waɗannan aisi an daina yin su, kasuwarsu ta cika da jabu. Ana ciro tsofaffi daga bola, a kankare bayansu, a buga sabuwar lamba da sabuwar shekara. Dallas ɗin da ka saya da sunan sabo yana iya girmar wanda ka cire. Araha ba ta ado. Duk wanda ka saya, ka rubuta masa wani abu, ka cire shi daga wuta ya kwana biyu, ka sake karantawa kafin ka damƙa masa amanar na'urarka.

Na'urorin ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 kuwa, matsalarsu ta kati ce da faifai. Wasu fulofi suke ci, mai ɗaukar megabait 1.44, ga shi Sony ya daina yin fulofi tun 2011. Maganin wannan mai sauƙi ne: akwai 'yar na'ura, irin ta Gotek, da ake sawa a gurbin fulofin, ka soka mata filash, ita kuma na'urar awon tana zaton fulofi take karantawa. Wasu, kamar osiloskop ɗin Infiniium na farko, kwamfuta ce sukutum a ciki mai Windows da tsohon hadis mai juyawa. Ana maye gurbinsa da katin CompactFlash, wanda SanDisk ya fito da shi a 1994, domin yana jin yaren tsohon hadis. A kwafi hoton hadis ɗin gaba ɗaya tun yana juyawa, kuma a nemi katin da aka yi don masana'antu, saboda ya fi jure yawan rubutu, kuma yana gabatar da kansa a matsayin kafaffen faifai, abin da wasu nau'o'in Windows ke nema. Girman ma da iyaka. Tsohon tsarin FAT16 a yawancin na'urori ba ya wuce giga 2. Katin SD na asali ma iyakarsa ke nan. Wanda ya haura zuwa giga 32 sunansa SDHC, tsarinsa daban, kuma na'urar da aka ƙera kafin 2006 ba ta san da zamansa ba. Sau da yawa ƙaramin katin megabait 256 da aka yasar a durowa shi ne zai yi aikin da sabon mai giga 64 ya kasa.

Saura abin da ya shafe mu a nan gida fiye da mai gyara a Jamus ko Japan, wato wuta. Lokacin da na'ura ke zuba sabuwar manhaja, sai ta goge tsohuwar kashi-kashi kafin ta rubuta sabuwar. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, babu tsohuwa babu sabuwa. Masu yi wa waya filashin a kasuwar Farm Centre ta Kano sun san wannan ciwo, sai dai ita waya tana da batirinta, na'urar awo kuwa ba ta da shi. Kada ka fara wannan aiki a kan wutar gari tsagwaronta, kada kuma a kan janareton da ba ka san yawan man da ke cikinsa ba. A jona na'urar da kwamfutar duka biyu a kan UPS ko inbata mai cikakken caji. Wasu na'urorin sukan ɗauki lokaci mai tsawo gilashi bai nuna komai ba, sai mutum ya zaci sun tsaya ya kashe. Yi haƙuri, ka sha shayinka, ka bar ta ta gama.

Wanda ya sayo gwanjo daga Amurka kuma, kafin ma ya soka ta a bango, ya duba bayanta. Can wutarsu bolt 120 ce, tamu 220 zuwa 230, kuma tsofaffi da yawa suna da ɗan makunnin zaɓi da fis ɗin da ya dace da kowanne. An yi asarar na'urori masu kyau a minti na farko saboda wannan.

Sai hunturu. Kun san tartsatsin nan da ke fita idan mutum ya cire rigar sanyi ko ya taɓa ƙofar mota lokacin da iska ta bushe. A jikinka ɗan tsinke ne kawai, amma ƙarfinsa kan kai dubban bolt, kuma aisi ba ya jure shi. Wani lokaci ba ya mutuwa nan take, sai ya yi rauni ya mutu bayan wata biyu, kai kuma kana ta zargin wanda ya sayar maka. A ɗaura abin hannu mai waya da ke sauke lantarkin jiki zuwa ƙasa, kada a aza aisi a kan leda ko darduma. Ka kuma tsare kanka: a zare fulogi kafin a buɗe, kuma a tuna cewa tsohon osiloskop mai kwalba yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe shi.

Idan an gama an rufe, tashin na'ura ba shi ne shaidar nasara ba. A bar ta ta ɗumama kamar yadda littafin ya ce, a sa ta yi gwajin kanta, sannan a auna wani abu da aka san ƙimarsa, wanda aka auna aka rubuta tun kafin a fara aikin. Idan awon yau ya zo ɗaya da na jiya, to lambobin saiti sun tsira. A liƙa takarda a cikin murfi da ranar aikin, da lambar aisi ɗin da aka sa, da inda aka ajiye kwafin.

Kirana na ƙarshe ga shugabannin sassan injiniya da masu kula da ɗakunan gwaji ne. Ranku ya daɗe, a sa ma'aikata su zaga a cikin makon nan su rubuta duk na'urar awon da ta haura shekara 15, har da waɗanda ke jingine a sito, a kwafe lambobin saitin duk wadda ke tashi tun tana tashi. Aikin ba ya buƙatar kwangila, kebul ɗin GPIB ɗaya da kwamfuta ɗaya sun isa sashe guda, ɗalibai kuma za su koyi sana'a a ciki. Masu tambaya su aiko mana da sunan na'urar da lambar samfurinta, za mu amsa a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.